Yadda Za Ka Bambanta Bashi da Sata a Dokar Legas

A kotun Legas, ganin kayan wani a hannunka bai isa a ce ka yi sata ba. Sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da cewa ka ɗauka ko ka karkatar da su da niyyar rashin gaskiya. Sashe na 280 na Dokar Laifuka ta Jihar Legas, bugun 2015, ya fayyace wannan niyya, sashe na 287 kuma ya tanadi hukunci: ɗaurin shekara 3 a sata ta gama-gari, shekara 7 idan yaron shago ko ma'aikaci ne ya yi wa maigidansa.

Fara da tambayar kanka: a kan wane sharaɗi kuɗin suka shigo hannuna? Idan rance aka ba ka, kuɗin sun zama naka, gaza biya kuma maganar shari'ar bashi ce, ba ta laifi ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Idan kuwa amana ce, labari ya sha bamban.

Nan ne 'yan kasuwarmu suka fi faɗawa. Manomi ya lodo tumatir daga Kura zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas, dillali ya sayar, maimakon ya tura kuɗin sai ya zuba su a lodin albasa, yana cewa "sati mai zuwa zan mayar". A wurin doka, juya kuɗin wani yadda ka ga dama sata ce, ko da har ga Allah ka yi niyyar biya. Mutane masu mutunci sun kwana a ofishin 'yan sanda saboda rashin sanin wannan. Haka yake idan ka jinginar da babur ɗin da aka ba ka haya, ko ka farke injin aro ka sayar da sassansa ta yadda ba zai koma yadda yake ba.

Alƙali ba ya ganin zuciya, hali yake karantawa: kashe waya, sauya rumfa, rasit na bogi, musun karɓar kaya. Don haka ka ajiye takardar lodi, shaidar tura kuɗi da saƙonnin WhatsApp. Kafin ka taɓa kuɗin amana, nemi izinin mai su a rubuce ko a saƙon murya, ya faɗi nawa ne da ranar biya.

Akwai kariya ga wanda ya ɗauki abu yana ganin tsakani da Allah hakkinsa ne, ba da nufin zamba ba, ko da ya yi kuskure. Amma kada ka ƙwace kayan wanda kake bi bashi kana dogaro da ita. Kai ƙara wurin shugabannin kasuwa ko kotu. In an gayyace ka ofishin 'yan sanda, tafi da lauya, kada kuma ka sa hannu a jawabin Turanci sai tafinta ya karanta maka shi da Hausa.