Yadda na gyara Wi-Fi a gidan yawa

Gida ne a Ƙofar Ƙaura, Katsina: wayoyi, talabijin da kyamarori kusan 30 duk a kan rauta ɗaya (na'urar da ke raba Wi-Fi), intanet sai yankewa yake. Ba laifin data ba ne. Bangon bulo ke cinye sigina, ga cunkoso a 2.4GHz (ɗaya daga cikin zangunan siginar Wi-Fi).

Na ja wayar Cat6 (kebul ɗin intanet) mita 25 zuwa sashen baya, na jona rauta ta biyu ta ramin LAN (inda ake jona na'urorin cikin gida da kebul), na kashe mata DHCP (tsarin da ke raba wa na'urori adireshi). In ka bar shi kunne, dukkansu za su riƙa raba adireshi, su yi karo. Don kada siginarsu ta cakuɗe a 2.4GHz, na sa rauta ta farko a tasha (channel) 1, ta biyu a tasha 11, talabijin da kwamfutoci suka koma zangon 5GHz. Na ƙara ƙaramin UPS (batirin ajiyar wuta) mai 12V saboda ɗauke wuta, na kuma janye rautar daga bakin taga, don zafin Afrilu kan sandarar da ita.