Kafin yaro ya sa rigar wata ƙasa: yadda ake gane wadda zai iya buga wa

A Tawa da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai ɗa ko jika a Abijan, ko Duwala, ko Legas ba. Mu Adarawa bida gadonmu ce. Uba ya tafi da jakar hannu, ya yi aure can, yaran suka tashi suna buga ƙwallo a lungunan wata ƙasa. Ni kuwa na shekara ashirin da wani abu ina riƙe da rajistar ƙungiyar unguwarmu, ni ke cike lasisi, ni ke manna hoto, shi ya sa duk wanda takardar ƙwallo ta ɗaure wa kai wurina yake zuwa.

Bara ƙanena da ke kasuwanci a Adjame, cikin Abijan, ya kira ni da dare. Ya ce, "Yaya, an ce za a kira yaron nan gwajin ƴan ƙasa da shekara 17 na Kodebuwa. In ya je, Mena ta haramta gare shi ke nan?" Mena ita ce ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu Nijar. Uwar yaron ƴar Kodebuwa ce, shekarunsa 16. Na ce masa kada ya sa hannu a komai, kada kuma yaron ya taka fili a wasan gasa, sai mun bi abin daki-daki. Abin da na bi da shi ne zan shimfiɗa a nan.

Fara da takardar zama ɗan ƙasa, domin FIFA ba ta ba kowa ƙasa. Hukumar ƙasa ce ke cewa wane nata ne, sannan FIFA ta duba. A Nijar yaro na gadon ƙasa ta wajen uba, kuma tun 1999 ta wajen uwa ma haka. Tun watan Nuwamba na 2014 doka ta yarda ɗan Nijar ya riƙe ƙasa biyu, abin da a da yake tsorata ƴan bida da yawa. Hanyar ita ce wadda kowa ya sani: takardar haihuwa, sai takardar shaidar zama ɗan ƙasa da ake karɓa a jastis, wato kotu, sai fasfo. Ranar wasan ƙasa da ƙasa fasfo kwamishinan wasa ke dubawa, ba katin ɗan ƙasa ba, balle lasisin kulob.

Akwai kuskuren da mutanenmu na Abijan ke yawan yi. Suna zaton wanda aka haifa a can ya zama ɗan can. Tun 1972 Kodebuwa ta daina ba da ƙasa don haihuwa kawai a cikinta. In uwa da uba duk ƴan Keita ne ko Buza, yaron ɗan Nijar ne ko da bai taɓa ganin Tawa da idonsa ba. Ɗan ƙanena ya samu ta can ne ta wajen mahaifiyarsa.

Wanda ya gaji ƙasa tun ranar haihuwa, nasa da sauƙi. Wanda ya nema daga baya aka ba shi, fasfo kaɗai ba ya isarsa. Sai ya nuna ɗaya cikin huɗu: an haife shi a ƙasar, ko an haifi uwarsa ko ubansa na jini a can, ko kakansa ko kakarsa, ko kuma shi ya zauna a ƙasar shekara biyar. Wanda ya soma zama tun bai kai shekara 10 ba, uku sun isa. Zaman ma ana ƙirga shi da kwana, aƙalla 183 a cikin kowace shekara, don haka mai zuwa hutun damina ya koma bai zauna ba. An ɗaure wannan igiya ne a 2004, lokacin da Katar ta so ta ba wasu ƴan Burazil fasfo, cikinsu har da Ailton wanda ke ta zuba ƙwallaye a Jamus, alhali ba abin da ya haɗa su da ƙasar. Da farko shekara biyu aka ce, a 2008 aka mai da su biyar.

Ga inda aiki yake a wajenmu. Dokar tana tambayar inda aka haifi mutum, kuma takarda take so ta faɗa, ba bakin tsohuwa ba. Kakanninmu kuwa nawa ne aka rubuta haihuwarsu? Mafi yawa jujma, wato takardar haihuwa ta kotu, suka yi da girmansu, alƙali ya rubuta an haife su wajajen shekara kaza, shaidu biyu suka sa yatsa. Wannan takarda ce, tana aiki, amma sai ka nemo ta, sau da yawa a ƙasan akwatin ƙarfe, gara ta ci gefe guda. Sannan ga yadda muke sa suna. Yaro na ɗaukar sunan yankan ubansa, uban na ɗauke da na kakan, ba sunan gida guda da ke bin zuriya kamar na Turawa. Ma'aikacin da ke zaune a ofis a Turai ba zai gane cewa jika da kaka jini ɗaya ne ba sai ka jera masa takardu uku, kowace na kama hannun ta gabanta. Nan ne rubutun boko ke yi mana ta'adi. Sunan mahaifinmu guda ne, amma a takardata an rubuta shi iri ɗaya, a ta ƙanena wani iri, a ta ɗansa ta Abijan an ƙara harafi. Wata huɗu muka yi muna gyara wannan kaɗai. Mutanen Kwanni su ƙara lura da sunan gari: akwai Illela tamu ta jihar Tawa, akwai Illela ta jihar Sakkwato daga ƙetaren iyaka. Kakan da aka haifa a waccan ya buɗe wa jikansa ƙofar Najeriya ne, ba ta Nijar ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A yi waɗannan takardu tun yaro na da shekara 13 ko 14, kafin kowa ya san sunansa. Kuma don Allah kada a taɓa ranar haihuwa. Na san dillalan da ke rage wa yaro shekara biyu, su ce taimako ne. A gasar ƴan ƙasa da 17 ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru, kuma takarda biyu masu ranaku daban-daban kan tashi su ci mai su ranar da ya fi bukatarsu.

Takardu sun kammala, sai a zauna a ƙirga wasanni. Ka samu yaron ka tambaye shi duk rigar ƙasar da ya taɓa sawa, a wane wasa, ran nawa ga wata, yana da shekara nawa, ya shiga fili ko a benci ya ƙare. Kiran sansani ba ya ɗaure kowa, zaman benci ma haka. Wasan sada zumunci shi kaɗai ba ya rufe ƙofa. Diego Costa ya buga wa Burazil biyu a 2013, ya koma Sifen. Wilfried Zaha ya buga wa Ingila biyu, ya koma Kodebuwa. Abin da ke ɗaure mutum shi ne wasan gasa, ko da minti ɗaya ne, a kowane rukunin shekaru, a kowane irin ƙwallo.

Wannan "kowane irin ƙwallo" mu ƴan Nijar mun ci ribarsa. A watan Yunin 2012 Mena ta karɓi Gabon a filin Janar Seyni Kountché a Yamai, wasan neman zuwa kofin duniya na 2014, aka tashi babu ci. Ina fada muna saurare a rediyo, muka watse rai a ɓace. Bayan wasu watanni FIFA ta ba Nijar wasan da ci 3 da nema, saboda Gabon ta sa Charly Moussono, wanda ya taɓa buga wa Kamaru kofin duniya na ƙwallon bakin teku a 2006. Ƙwallon rairayi, ba takalmi, shekara shida baya! Shi ya ci wa Gabon maki.

To, wanda ya riga ya buga gasa fa? In ta matasa ce, yana da damar sauya ƙasa sau ɗaya. An buɗe wannan ƙofa a farkon 2004, Antar Yahia ya bar Faransa zuwa Aljeriya, Frédéric Kanouté ya tafi Mali. A 2009 aka cire iyakar shekaru. Sharaɗin shi ne ya kasance yana riƙe da ƙasar da yake son komawa tun ranar da ya buga wasan gasa na farko. Wannan shi ne dalilin da ya sa na nace wa ƙanena takardar Nijar ta fito kafin yaron ya shiga fili. A doka ɗan Nijar ne tun ranar da aka haife shi, amma kwanan wata da ke jikin takarda yana kashe gardama tun ba ta tashi ba. Tun 2020 an sassauta wa wanda bai riƙe ƙasar ba a lokacin, muddin wasansa na gasa na ƙarshe ya yi shi kafin ya cika 21 kuma yana da ɗaya daga cikin alaƙoƙin nan huɗu. Ademola Lookman ya ɗauki kofin duniya na ƴan ƙasa da 20 da Ingila a 2017, ya koma Najeriya a 2022, a 2024 ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka.

Babbar ƙungiya kuwa wata magana ce. A da, minti ɗaya a wasan gasa ya rufe ƙofa har abada. Munir El Haddadi yana da shekara 19 Sifen ta sa shi ƙasa da rubu'in awa a wasa da Masedoniya a watan Satumban 2014, ba ta sake waiwayarsa ba. Ya nemi Maroko, ƙasar mahaifinsa, aka hana, kofin duniya na 2018 ya wuce shi, sai a 2021 ya samu ya buga mata. Gyaran watan Satumban 2020 ya ce ana iya sauyawa in wasannin babbar ƙungiya ba su wuce uku ba, har da na sada zumunci a lissafin, in wasan gasa na ƙarshe ya kasance kafin cika 21, in shekara uku sun wuce tun wasan ƙarshe, in bai taɓa buga ainihin kofin duniya ko kofin nahiya ba, kuma yana da ƙasar ta biyu tun farko. Duka ake so a cika, ba a zaɓa. Masu horarwa sun san wannan lissafi sarai. In ka ga ana gaggawar saka yaro ɗan 18 a mintin ƙarshe na wasan share fage, ba kullum don ƙwarewarsa ba ne.

Neman sauyin kansa ba uba ke rubuta shi ba, ba dillali ba. Hukumar ƙwallon ƙasar da ake son komawa, a wajenmu FENIFOOT ke nan, ita ce ke kai buƙata gaban kotun ƙwallo ta FIFA. Za a haɗa fasfo, takardun haihuwa, wasiƙar tsohuwar hukuma mai jera wasannin da ya buga, da sanarwar da ɗan wasan ya sa wa hannu. Daga ranar da aka shigar har hukunci ya fito ba ya buga wa kowace ƙasa. Duk wanda ya ce maka "fasfo ya fito, ya je ya buga, takarda ta biyo baya", ka ba shi labarin Emilio Nsue. Haifaffen Sifen ne, ya buga wa matasanta, mahaifinsa ɗan Ikwatoriyal Gini, ya shekara fiye da goma yana buga musu, har ya fi kowa cin ƙwallo a kofin Afirka na farkon 2024 da ƙwallo 5. A watan Mayun shekarar FIFA ta ce ba a taɓa amince da sauyinsa ba, ta ƙwace nasarorinsu kan Namibiya da Laberiya, ta dakatar da shi wata shida.

Saura zaɓin kansa, wanda ba ya cikin kowace doka. Ni ɗan Mena ne, ban ɓoye ba. Na yi kuka a 2011 ranar da muka tsallake a rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu, na ga Moussa Maazou da Kassaly Daouda a kofin 2012 da na 2013. Amma ba zan yi wa yaro ƙarya ba: Giwayen Kodebuwa sun ɗauki kofin sau uku, 1992 da 2015 da 2024, wanda ya sa rigarsu idon Turai na kansa. Sai dai layin shiga can dogo ne, yaro na iya tsufa yana jiran kira, alhali a Yamai da an ba shi lamba tun yana 20. Ya dubi wurin da yake bugawa a fili, ya ƙirga mutum nawa ke gabansa a kowace ƙasa, ya tambayi kansa wane taken ƙasa ne in an buga zai ji tsigar jikinsa ta tashi. Iyaye kuma su rage matsa lamba da maganar kishin ƙasa. Ciki ɗaya ya haifi Iñaki da Nico Williams, ɗaya na Gana ɗaya na Sifen, ba wanda ya fita daga gidan.

Ɗan ƙanena ya je gwajin, ya yi sati biyu a sansani, ya buga wasan sada zumunci guda, ba a ɗauke shi zuwa gasar ba. Takardarsa ta jastis ta fito, fasfo muke jira. Da ƙaramar salla ya zo Tawa karo na farko, na kai shi filin unguwa da la'asar, ya buga da yaranmu cikin ƙura har magariba. A hanyar gida na ce, "To, wace ce?" Ya ce da Hausarsa mai karyewa, "Baba, bari in fara samun kulob tukuna." Kwafin takardunsa uku suna nan cikin rajistata, a shafin baya.