Yadda zaka gane gidan zamanin Joj na asali in kana yawo a Birtaniya

Gidajen da ake ce wa Jojiyan an gina su ne daga 1714 zuwa wajen 1830, lokacin da sarakuna huɗu masu suna Joj suka yi mulki a jere. To har yau magina na kwaikwayon salon, in baka san inda zaka duba ba sai ka tsaya kana ta ɗaukar hoton gidan da ko shekara talatin bai yi ba.

Fara daga tsallaken titi tukuna. Raba gidan biyu da ido, in shi kaɗai yake tsaye ƙofa na tsakiya, tagogin dama daidai da na hagu. Rufin kuma sau da yawa baka ganinsa sosai don an ɗaga bangon gaba ya kare shi. Wannan kam kowane magini zai iya kwafa, kar ka yanke hukunci a nan.

Taga ita ce mai tona asiri. Irin wadda ake turawa sama da ƙasa ce, da ƙananan gilasai yawanci shida a sama shida a ƙasa, saboda a lokacin babban gilashi tsada gare shi kuma yin sa da wuya. Ka lura da tsayinsu hawa hawa, na bene na farko su suka fi tsawo don can ne falon karɓar baƙi, kana ƙara sama suna ƙara gajarcewa har ka kai na can ƙoli ƴan ƙanana inda barori da yara ke kwana, sabon gini kuwa sau tari duk girmansu ɗaya kuma firam ɗin na roba ne. A Landan dokar 1709 ta ce a tura firam ɗin katako ciki da inci huɗu saboda tsoron gobara, shi yasa zaka ga tagar ta ɗan nutse cikin bango. Ka tsaya ta gefe ka kalli gilashin, in tsohon ne zaka ga hoton sama na ɗan lanƙwashewa a jikinsa.

In kaga taga an toshe ta da bulo, mai zagayawa da baƙi zai ce maka harajin taga ne, wanda aka karɓa daga 1696 zuwa 1851. Wani lokacin gaskiya ne, amma fa wasu tun farko a toshe aka yi su don kawai lissafin gaban gidan ya daidaita.

Yanzu matso kusa. Saman ƙofa akwai gilashi mai siffar rabin da'ira da ke kai haske zaure, Dublin ta ƙasar Ireland ta yi suna da wannan musamman Merrion Square. Gefen matakala ka nemi ɗan ƙarfen kankare taɓon takalmi, wani gidan har da mazurarin ƙarfe a kife wanda ake cusa wutar haska hanya a ciki a kashe bayan an rako maigida da dare. A ƙasa kan hanyar masu tafiya akwai murfin ƙarfe zagayayye, ta nan ake zuba kwal ya faɗa ɗakin ƙasa. Jan bulon ma ka duba, dogo ɗaya gajere ɗaya a kowane layi alamar tsohon aiki ce, na yanzu duk a tsawonsu ake jerawa. Kar dai ka hau matakalar mutane, da yawansu akwai masu zama a ciki.

Wurin gwaji akwai Bedford Square a Landan da unguwar New Town a Edinbara, amma ni garin Bath zan tura ka. A can akwai Royal Crescent, jerin gida 30 ne a lanƙwashe, John Wood ƙarami ya tsara aka gina daga 1767 zuwa 1774, gida mai lamba 1 ma gidan tarihi ne ana shiga. In ka gama da gaban ka zagaya ta baya, shi Wood fuskar kawai ya zana, kowane mai saye ya kawo magininsa ya yi sauran yadda ya ga dama, zaka ga rufi wani sama wani ƙasa, tagogi kowa da inda ya huda tasa.