Darasi na 7: Rage wa taransifoma nauyi da magariba

Ku lura da ƙwan ɗakinku daga an sallame magariba zuwa wajen ƙarfe goma na dare, musamman a watan Maris zuwa Mayu da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40. Haske ya yi ja, fanka na juyawa kamar ba ta so. Dalili shi ne kowa ya dawo gida lokaci guda, wannan ya kunna esi, wancan ya jona hita, uwargida ta tada injin jan ruwa, duk kuma a kan taransifoma guda. In nauyi ya fi ƙarfinta sai fiyus ya tashi ko ita kanta ta ƙone, unguwa ta kwana cikin duhu ana neman karo-karo.

Mu fara da lissafi. Wat shi ne ma'aunin ƙarfin wutar da kaya ke ja, yunit ɗaya a mitar kati kuwa shi ne wat 1000 na tsawon awa ɗaya. Dutsen guga na cin kamar wat 1000, wato gugar awa guda ta cinye yunit guda. Tsohon ƙwai mai zafi wat 60 ne, na LED mai haske irin nasa wat 9 kacal. Gida mai ƙwai goma in sun yi awa biyar a kunne, tsofaffin sun ci yunit 3, na LED ko rabin yunit ba su kai ba.

To amma babban aikin shi ne kawar da manyan kaya daga wancan lokacin, kuma ɗan Adam akwai mantuwa, shi ya sa ake amfani da taima. Wata 'yar na'ura ce da ake sokawa a soket, sannan a jona kayan a jikinta, ka saita mata awar kunnawa da ta kashewa. Firiza misali, sai ta kashe ta ƙarfe bakwai ta maido ta ƙarfe goma, in dai yara ba su yi ta buɗe murfin ba sanyin na nan. In za ku saya ku nemi mai batiri a ciki, don mai juyawa kamar agogo da an ɗauke wuta ita ma ta tsaya, lokacin ya rikice. Akwai kuma soket ɗin da ake sarrafawa da waya, har yana nuna abin da kowane kaya ya sha, sai dai yana buƙatar intanet a gida, ni dai ga talaka na fi ganin amfanin taima.

Don Allah a duba lambar da ke bayan taimar ko soket ɗin, mai nuna nauyin da na'urar ke iya ɗauka, kafin a jona mata injin ruwa ko esi, in kayan sun fi ƙarfinta narkewa za ta yi, a kira mai gyaran wuta ya duba. Mai esi ya bar shi a digiri 24 ko 25, kada ya kai shi 16. Guga da cika tanki a yi su da hantsi in akwai wuta.

Aikin gida: yau da magariba rubuta lambar da mita ta nuna, ka sake rubutawa ƙarfe goma. Gobe ka maimaita ba guga ba hita, ka zo mana aji da bambancin.