Babi na Shida: Ambaliya da Sandar Auna Ruwa

Darasi na 1

Ku karanta a hankali: am-ba-li-ya. Ambaliya ita ce ruwa ya fi ƙarfin hanyarsa, ya malala cikin gidaje da gonaki. Ba lallai sai an yi ruwan sama a garinku ba. A 2012 an saki ruwa daga dam ɗin Lagdo na Kamaru, ya biyo kogin Binuwai yana cin garuruwa har Lokoja. A watan Satumba na 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya iske mutanen Maiduguri cikin dare. A yankin Haɗeja kuwa ciyawar kachala ce ke toshe kogi, ruwa ya rasa mafita. Cikin birni, galibi leda ce da shara a lambatu, da gini a kan hanyar ruwa.

Ku rubuta abu ɗaya da ke toshe ruwa a unguwarku. Ko kalma ɗaya ce, madalla.

Darasi na 2

Don yin sandar auna ruwa, a samo katako mai tsawon mita 2 da rabi. A binne rabin mita a bakin kogi, a danne da duwatsu. Daidai inda katakon ya fito daga ƙasa a rubuta 0. Daga nan a ja layi da fenti duk santimita 10, a rubuta 10, 20, 30, har 200 a can sama.

To, ga inda aka fi yin tuntuɓe. Ƙirge daga ƙasa yake farawa. Sifili yana ƙasa. Ku faɗa da baki: sifili yana ƙasa, lamba tana girma zuwa sama.

A ce ruwa ya tsaya a kan 70. Wanda ya fara daga sama zai ƙirga layukan da ba su jiƙe ba, ya samu 13, ya rubuta 130. Gobe ruwa ya hau zuwa 90, shi kuma ya rubuta 110. Kun ga haɗarin? Ruwa na ƙaruwa, littafinsa na cewa yana janyewa, mutane su kwanta barci da kwanciyar hankali.

Kada ku ji kunya, kusan kowa da wannan kuskuren yake farawa. Ku zana sandar a littafinku, ku ɗora yatsa a ƙasa, ku hau: 10, 20, 30. Ku sake. Ku sake kuma. Lambar da ke daidai fuskar ruwa ita ake rubutawa.

A duba safe da yamma, a rubuta abu uku: rana, lokaci, lamba. Jiya 70, yau 90, ruwa ya ƙaru da 20. Ku tambayi dattawa inda ruwa kan kai kafin ya shiga gidaje, ku shafa jan fenti ƙasa da wurin kaɗan. Ruwa ya taɓa ja, a sanar da mai unguwa nan take.

Haba jama'a! Har yanzu wasu daga sama suke ƙirgawa, wasu kuma sai su ce sun duba da ido, ba sai an rubuta ba. Ido yana mantuwa. Rayukan yara ne fa a bayan wannan lambar. Sifili yana ƙasa.

Darasi na 3

Daga tudu ake karanta sanda, ba a shiga ruwa. Ruwa mai gudu, ko zurfinsa santimita 15 ne, yana iya kayar da babban mutum.

Bayan ambaliya rijiya kan haɗu da masai, kwalara ta biyo baya. A tafasa ruwan sha. Mai gudawa a haɗa masa lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi, yana sha ana kai shi asibiti.

Darasi na 4

Katin ɗan ƙasa da takardun gona su shiga leda, a rataye a sama. Ku riƙa sauraron gargaɗin NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, a rediyo.

Darasi na 5

A yashe lambatu kafin damina ta sauka.