Yadda Ake Sa Wa Kibiyar Kabon Kuben Alminiyam Don Kada Bakinta Ya Tsage

Kibiyar kabon ba ta lanƙwashewa ta zauna a haka kamar ta alminiyam, kuma danshi ko zafin rana ba sa karkatar da ita kamar ta itace. Wannan ne ya sa masu harbi da bakan gargajiya a Amurka da Turai, wato waɗanda ba sa amfani da bakan zamani mai 'yan tayoyi a kunnuwansa, suka rungume ta duk da cewa ba kayan gargajiya ba ce. Sai dai tana da lago guda, kuma a bakinta yake. Wanda ke harbin abin bara mai laushi a fili zai iya shekara bai san da wannan lagon ba, amma wanda ke yawo a daji yana auna kututture, ko suri, ko busasshen ganye a ƙasa mai tsakuwa, wanda shi ne atisayen da maharban gargajiya suka fi so, zai ga kibansa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan dukkansu a wuri ɗaya suke lalacewa.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera sandar. Bututu ce da aka yi da zaruruwan kabon da aka haɗe da gam, kuma mafi yawan zaruruwan a tsaye suke, daga baki zuwa gindi. Tana da ƙarfi sosai ta fuskar tsawo, amma idan aka tura wani abu ta cikinta yana neman buɗa ta, sai ta tsage kamar yadda kara ke tsagewa. A bakin sandar akwai wani ɗan ƙarfe mai zare a ciki, wanda ake mannawa domin a riƙa ɗaura tsini a kansa. A nan za mu kira shi mazaunin tsini. Idan kibiya ta daki dutse kai tsaye, tsini yakan tsaya cak alhali sandar tana nan tafe da ƙarfinta, sai mazaunin ya koma ciki kamar weji, bakin sandar ya buɗe ya yi buzu-buzu. Idan kuma ta daki abin a karkace, sai ta karye daidai inda mazaunin ya ƙare, domin nan ne wuri mai tauri ya haɗu da wuri mai lanƙwasa. Ed Ashby, maharbin Amurka da ya shafe shekaru yana gwada yadda kibiya ke ratsa manyan namun daji, ya sa ƙarkon kibiya a sahun farko na abubuwan da ya lissafa, gaba da nauyi da kaifi.

Maganin ba sabo ba ne. Maharban Ingila tun ƙarni na 16 sukan yi wa kibiyar itace ƙari da itace mai tauri a gabanta, kuma wanda ya taɓa riƙe kibiyar kyauro ta maharbanmu ya ga yadda ake naɗe bakin kyauron tamau a inda ƙarfen ya shiga, saboda wannan tsagewar dai ake gudu. Abin da ake yi wa kabon shi ne a yanko ɗan guntun tsohuwar kibiyar alminiyam, a zura shi a kan bakin sandar kamar kube, a manne da gam. Aikin ba shi da wuya, amma rabinsa awo ne, kuma a wurin awon ne akasari ake yin kuskure.

Kibiyoyin alminiyam na kamfanin Easton suna ɗauke da lamba mai alƙaluma huɗu, kuma lambar ita ce awon. Alƙaluma biyun farko suna nuna kaurin bututun daga waje, a lissafin kashi 64 na inci, biyun ƙarshe kuma suna nuna kaurin bangonsa, a lissafin kashi 1,000 na inci. Ɗauki 2117 a matsayin misali. Kaurinta na waje 21/64 ne, wato kimanin inci 0.328, bangonta kuma 0.017. Tunda bango biyu ne, gefe da gefe, sai a cire 0.034, a sami faɗin ramin ciki kimanin inci 0.294, wanda ya yi kusa da milimita 7.5. Da wannan lissafin, ramin 2216 yana kusa da 0.312, na 2016 kusa da 0.280, na 1916 kuma kusa da 0.265. Alƙaluman farko kintace ne zuwa ga mafi kusa, saboda haka lissafin jagora ne kawai, ba ya maye gurbin kalifa, wato ma'aunin kauri mai muƙamuƙi biyu. A auna kaurin sandar kabon da kalifa a wuri biyu ko uku kusa da baki, domin sanduna biyu masu rami iri ɗaya, misali inci 0.246 da aka fi sani, suna iya bambanta a waje idan taurinsu ya bambanta, kuma waɗanda aka yi wa zanen itace sukan ɗan fi kauri.

Kuben da ya dace shi ne wanda yake shiga da turin yatsa biyu, ba ya girgiza, ba ya kuma buƙatar a buga shi. Idan ya yi sako-sako, gam ne zai cike gurbin, kuma da wuya ya zauna a tsakiya, sai tsini ya riƙa rawa idan an juya kibiyar. Idan ya matse har sai an tilasta masa, zai kankare gam ɗin gaba ɗaya yayin shiga, ya zauna a bushe. A ganina gwamma a ɗan goge sandar da ta yi kauri kaɗan, ana cire fentin waje kawai, da a yarda da kuben da ke lilo, amma da zarar ƙurar da ke fita ta koma baƙa ƙirin to an taɓa kabon ɗin kansa, sai a tsaya.

Batun tsawo shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Kuben dole ya wuce ƙarshen mazaunin tsini. Idan ƙarshensu ya zo daidai da juna, an tara gefuna biyu masu tauri a layi ɗaya, ɗaya a ciki ɗaya a waje, kuma an mai da wurin almakashi: bakin ba zai tsage ba, amma sandar za ta guntule a bayansa ƙat. Saboda haka kafin a manna komai, a ɗora mazaunin a gefen sandar, a sa alama da fensir inda ya ƙare, sannan a ƙara kwata zuwa rabin inci. Ga mazaunin alminiyam na yau da kullum, kube mai inci 1 zuwa inci 1.5 ya wadatar. Mazaunin tagulla mai nauyin giren 100, wato kimanin giram 6.5, wanda maharban gargajiya ke so domin ya ƙara nauyi a gaba, yakan fi tsawo, kuma kubensa zai iya kai inci 2. Wuce haka ba ya ƙara wani ƙarko da za a gani, sai dai ya jawo wata matsala: mai bakan gargajiya yana ɗora kibiya ne a kan ɗan dandamalin da ke jikin baka ko a kan hannunsa, kuma idan kuben ya hau wurin lokacin da aka ja tsirkiya ta cika, gefensa zai yi karo, ya ɗaga kibiyar. A tabbata sandar tana da rarar tsawo a gaban baka da ya kai tsawon kuben.

Wajen yanka, alminiyam yana yankuwa da ƙaramin abin yanka bututu irin na masu gyaran firji, amma wannan abin yana matse baki ya shigar da shi ciki, sai an bi da tsinin wuƙa ko ƙaramin magagari mai zagaye an buɗe shi. A riƙa ƙara matsin kaɗan-kaɗan ana juyawa, kada a yi gaggawa. Ita kuwa sandar kabon, idan tana buƙatar ragi, ba a sa mata wannan abin ko zarto mai haƙora, domin suna murƙushe zaruruwan; faifan yanka mai gudu sosai ake sa mata, da takunkumi a fuska da tabarau, saboda ƙurar kabon ba ta shaƙa ba ce. Bayan yanka, a goga bakin sandar a tsaye a kan samfefa da aka shimfiɗa a kan gilashi, har ya daidaita, domin baki karkatacce yana karkatar da tsini.

Gefen kuben na baya, wanda ke fuskantar gindin kibiya, yana buƙatar a feƙe shi ya yi gangara. Hanya mafi sauƙi ita ce a zura guntun a kan wani gutsuren sanda da aka naɗa wa salatif don ya kama, a ɗaura a injin huda, a kunna shi a hankali, a kanga gefen a kan magagari a karkace, sannan a gama da samfefa mai laushi. Za a ga farin alminiyam ya fito kamar siririn zobe. A gwada da farce: idan farce ya taho daga kan sanda ya hau kuben ba tare da ya maƙale ba, ya yi. Wanda ya tsallake wannan mataki zai gane kurensa ranar da yake fizgar kibiya daga cikin buhun bara, tana fitowa da tsummoki.

Sai shirin mannawa. Cikin bututun alminiyam sumul yake, gam ba ya kama shi da kyau, don haka a naɗe samfefa mai lamba 180 ko 220 a jikin ƙusa, a karce cikin. A goge wajen sandar sama-sama daidai tsawon kuben, bayan an naɗa salatif a iyakar domin kada gogewar ta wuce. A wanke duka biyun da sifirit mai ƙarfi a jikin auduga ko tsumma mai tsabta, a yi ta sauyawa har tsumman ya daina yin baƙi, kuma daga nan kada yatsa ya sake taɓa wurin. Cikin bakin sandar ma a wanke shi haka, tunda can mazaunin tsini zai zauna.

Gam ɗin da ya dace shi ne ifoksi mai haɗi biyu, irin su Araldite, kuma mai jinkirin bushewa, wanda ke ɗaukar awa 24, ba na minti biyar ba. Mai jinkirin ya fi riƙo, ya fi jure duka, kuma yana ba da lokacin gyara zama. Gam mai kamawa nan take, wanda aka fi sani da sufa gulu, yana da gautsi idan ya bushe, kuma yana da wata mugunta: na taɓa tura kube da shi, ya kama a rabin hanya, rabinsa a kan sanda rabinsa a iska, bai shiga ba bai fita ba, sai da na yanke inci guda na sandar. Gam ɗin da ake narkawa da wuta kuma a bar shi, domin wuta tana lalata gam ɗin da ya haɗe zaruruwan kabon.

A fara manna mazaunin tsini, sannan a shafa ifoksi siriri a kewaye sandar, a ɗan shafa a cikin kuben ta gefen baya, a tura shi ana murzawa domin gam ya game ko'ina. Idan leɓen mazaunin bai fi sandar kauri ba, a bar kuben ya rufe leɓen, bakinsa ya zo daidai da fuskar mazaunin, ta yadda kafaɗar tsini za ta zauna a kan su biyun. Idan leɓen ya fi kauri, sai kuben ya jingina da bayansa, wanda ke nufin a wannan halin kuben za a fara zurawa kafin mazaunin. A share rarar gam da tsumma mai sifirit, a kula kada ya shiga cikin zare. Tun gam bai kama ba, a ɗaura tsini, a tsayar da kibiyar a kansa bisa tebur, a juya ta kamar katantanwa: idan wuyanta yana rawa, a murza mazaunin kaɗan a sake gwadawa. Daga nan a ajiye kiban a kwance, a ƙyale su kwana guda cur.

Tsinin da aka saba sa wa sandar, mai kaurin 5/16 na inci, yanzu ya yi wa kuben 2117 ƙanƙanta, kuma bakin kuben zai riƙa cin duka kai tsaye. A koma tsini mai 21/64 ko 11/32. Gindin kibiya ma yakan tsage, domin lokacin da gaba ya tsaya cak, mariƙin tsirkiya yakan nutsa ciki. Zobe mai kwatan inci daga bututun nan ya isa, tunda nauyi a baya ba abin so ba ne.

Kube yana sauya tashin kibiya, ko da kaɗan ne. Inci guda na 2117 yana da nauyin giren 12, kuma giram ɗaya giren 15.4 ne, don haka kube mai inci 1.5 tare da gam bai wuce giram ɗaya da ɗoriya ba. Nauyin yana sa sandar ta ɗan ƙara lanƙwasa yayin saki, taurin kuben kuma yana rage tsawon da ke lanƙwasa, kuma a gajeren kube su biyun sukan kusa cinye juna. Duk da haka a yi wa kibiya ɗaya ko biyu tukuna, kada a yi wa dozin gaba ɗaya. A harba wadda ba a sa wa gashi ba tare da masu gashi daga taku goma sha biyar zuwa ashirin. Ga mai jan tsirkiya da hannun dama, idan marar gashin tana sauka dama da sauran, sandar ta yi laushi, sai a rage nauyin tsini. Idan tana sauka hagu, ta yi tauri, sai a ƙara. Ga bahago kuma akasin haka ne.

Kuben yana kare baki ne kawai, kuma ƙarfin dukan da bakin ya tsira daga gare shi yakan koma wani wuri a jikin sandar, galibi dab da bayan kuben. Bayan kowane karo da abu mai tauri, a riƙe kibiyar ta baki da gindi, nesa da fuska, a ɗan lanƙwasa ta, a juya, a sake lanƙwasawa har an zagaye ta, ana sauraro, sannan a murɗa ta a hankali. Ƙarar ƙas-ƙas ko da sau ɗaya ce, ko sili da ya ɗago, ko wurin da ya fi sauran laushi, duk alamar tsaga ce, kuma sandar da ta tsage tana iya fashewa lokacin saki, silinta ya shige hannun da ke riƙe da baka. Ba a rufe tsaga da kube, ba a cike ta da gam. A kwance tsinin a ajiye don wata kibiyar, a karya sandar biyu cikin tsumma, a jefar da ita inda yaro ba zai tsinta ba.