Yadda Za Ka Nazarci Waƙar Turanci Ta Aikin Gida

1. Karanta waƙar sau biyu da ƙarfi, tukuna ka ɗauki biro.

2. Ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka shige maka duhu, ka duba ƙamus.

3. Nemo jigo. Tambayi kanka: wa ke magana, me ya dame shi? Amsa da jimla ɗaya, ko da Hausa ce.

4. Sai salo, inda maki yake. Ka ga "like" ko "as" ana kwatanta abu biyu, kamance ne. In an ce iska tana kuka, mutuntarwa ce. Kada ka tsaya ga ambaton sunan salon, malamai sun gaji da wannan; faɗi abin da ya ƙara wa ma'ana, ka kawo layin a matsayin hujja.

5. In ka rubuta amsarka da Turanci, duba nahawunka, musamman "s" ɗin aikatau bayan "he" da "she".